Dutsen Gugar da Na Ce Na Zare

Ni tela ce, mijina kuma mai aikin wutar lantarki ne. Shekara goma sha tara ya yi yana ja wa mutane waya a gidaje da shaguna, har unguwa ta manta da sunansa, kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Ni dai Baban Auta nake kiransa. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, kuma tun ina ƙarama ban iya cewa "ni ce" ba idan aka tambayi wanda ya fasa kofi. Na faɗi haka tun yanzu ne don kada wani ya tausaya mini fiye da kima.

Doka ɗaya tak ya kafa a gidanmu. Idan aka ɗauke wuta, kafin mutum ya yi tsaki, ya bi soket ya zare duk abin da ke jone. Ya faɗa wa 'ya'yanmu mata biyu har suka haddace, ya faɗa mini har na ce masa wa'azin ya isa haka, ba jarirai yake aure ba. Yakan ce wutar da ta tafi ba ta yin sallama in za ta dawo.

Ranar wata Talata da hantsi ina ɗakin ɗinkina, wanda ke gaba daf da ƙofar gida, ina guge rigunan makaranta shida na 'ya'yan wata mata. Na gama huɗu aka ɗauke wuta. Tsakin na fara yi. Dutsen gugar nan gindinsa ya daɗe da karyewa, in na tsayar da shi faɗowa yake yi, sai na kwantar da shi a kan bargon da nake guga a kai. Ina ajiyewa matar ta kira ni a waya tana faɗa, wai tun jiya nake yi mata yawo da hankali. Raina ya ɓaci, na ce mata ga ni nan zuwa da huɗu, ta fara da su. Na kwashi rigunan, na kulle gida na fita. Yara suna makaranta, shi yana wurin aiki.

Daga gidan matar na wuce kasuwa sayen zare da zif. Ina tsaye a shagon mai zare fanka ta fara juyawa a saman kaina, an dawo da wuta. Har na ɗaga fuska na sha iska, na ce alhamdu lillahi. Na ci gaba da zaɓen zare, ina gwada shuɗi mai duhu da mai haske a bakin ƙofa, ban tuna komai ba.

Hayaƙin na fara hangowa tun daga bakin titi. Ko da na isa layinmu, motar 'yan kwana-kwana ta cika hanya, maƙwabta na ta kai da kawo da bokitai, rufin ɗakin ɗinki ya riga ya rufta. Falo ya bi, ɗakinmu ya bi, na yara ya bi. Keken ɗinkina, da kayan mutane da ke rataye, da takardun makarantar yara, da hoton mahaifiyata guda ɗaya da nake da shi, duk sun ƙone ƙurmus. Babu wanda ya rasa ransa, kuma abin da kowa ya riƙa faɗa mini ke nan. A lokacin da nake tsaye ina kallon inda teburin gugata yake ne na tuna a jone na bar dutsen.

Baban Auta ya iso a guje, jakar aikinsa a kafaɗa. Ya fara tambayar yara, aka ce suna makaranta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon ɗakin ɗinki, inda ya fi ko'ina baƙi. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Maman Auta, kin yi guga yau?"

"Na yi."

"Da aka ɗauke wuta kin zare?"

Mata sun kewaye ni, wata ta riƙe mini hannu, wata tana yi mini fifita da mayafinta. Na ce, "Na zare." Maganar ta riga tunanina fita. Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba, don tunda muke bai taɓa sa ni maimaita magana ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, yana da nasa abin zargin. Mako biyu kafin nan ya ja mini sabon layi zuwa ɗakin ɗinki saboda injin da na sa wa kekena. Wayar ba ta kai ba, sai ya yi mata ƙari a cikin silin, ya murɗe ya naɗe da salatif, ya ce ranar Lahadi zai sayo doguwa ya canza. Lahadi biyu suka wuce yana aikin mutane. Da shugaban 'yan kwana-kwana ya ce wutar daga ɗakin gaba ta tashi, shi da bakinsa ya ce, "Akwai haɗin waya da na yi a silin ɗin ɗakin." Ina nan tsaye ina ji, na bar shi ya ɗauki laifin.

Washegari da safe muka koma tonon toka, ko za a samu abin tsira. Shi yana can baya yana jawo kwanon rufi, ni na nufi ɗakin ɗinki kai tsaye. Ban sha wahalar nema ba. Ƙarfen dutsen yana nan a daidai inda teburin yake, a kife, robarsa ta narke ta bar shi tsirara. Na san in ya gan shi a haka, aikinsa ne karanta irin wannan, ba zai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Na naɗe shi a mayafina, na tura cikin jaka. Da rana mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da amalankensa, na jefa masa a ciki na ce ya tafi da shi kawai. Ƙaryar jiya zan iya cewa ruɗewa ce. Wannan kuwa da hankalina na yi ta, har na waiga hagu da dama.

Yayarsa ce ta ɗauke mu. Ta kwashe buhuna daga ɗakin ajiyarta, ta shimfiɗa mana katifu biyu, mu huɗu muka tare a ciki da tukunya ɗaya da aka tsamo daga toka. Yaya mace ce mai alheri, amma alherinta da baki yake zuwa. Tana zuba wa ƙanenta abinci tana cewa, "Ka gyara gidan kowa, ka zo ka ƙone naka. Ci, Injiniya." Shi kuwa sai ya yi ɗan murmushi ya sa hannu.

Masu jaje suka yi ta zuwa da ƙullin kaya. Wannan ta kawo zane, waccan ta kawo bokiti, malamar su Auta ta haɗo littattafai. A cikin wani ƙulli na ci karo da wata doguwar riga ruwan toka, na juya bayanta na ga ɗinkina ne, shekara uku da suka wuce na yi wa wata maƙwabciya. Ita na sa na zauna karɓar jaje, ta yi mini yawa a kafaɗa. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Sannu, Maiɗinki, ke abin ya fi shafa, ba ki ci ba, ba ki sha ba." Ina amsawa da "Allah ya bar zumunci", ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A mako na biyu ya fara abin da ban taɓa zato ba. Da safe ya ɗauki tsaninsa, wanda ya tsira don yana wurin aiki ranar, ya sa tocila a aljihu. Na tambaye shi ko aiki aka samu.

"A'a. Gidajen da na yi wa waya zan bi in duba."

"Wa ya kira ka?"

"Babu. Amma hannun da ya yi wancan haɗin shi ya yi nasu. In wani gidan ya kama da yara a ciki fa?"

Haka ya riƙa bin su gida gida, bai manta ko ɗaya ba. Kuma ba ya iya zagaye-zagaye. Yana yin sallama zai ce, "Ni na ja muku waya. Gidana ya ƙone saboda haɗin da na yi, ku ba ni dama in sake duba naku." Ya hau silin, ya shaƙi ƙura, ya buɗe kowane soket, ya mayar. Bai samu kuskure ko ɗaya ba, don babu shi. Amma mutane ba wannan suke riƙewa ba. Abin da suka riƙe shi ne Injiniya da kansa ya ce aikinsa na ƙona gida. Yana fita wasu ke kiran wani ya sake duba abin da ya duba. Mai kemis na bakin titi, wanda ya riga ya ba shi aikin sabon shagonsa, ya aiko a ce masa ya dakata tukuna, daga baya muka ga wani a kan tsani a shagon. Wayarsa ta hannu da ba ta barinmu mu ci abinci cikin kwanciyar hankali ta yi shiru, har Auta takan ɗauka ta duba ko ta mutu ne.

Rashin aikin bai dame ni ba kamar yadda hannunsa ya koma. Wata rana makunnin fitilar Yaya ya lalace, aikin da yakan yi yana hira. Na gan shi ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya sa abin gwaji a wayar, ya cire, ya sake sawa, ya koma ya duba ko da gaske ya kashe, ya dawo ya sake gwadawa. Da ya gama, bayan awa ɗaya ya dawo ya kwance ya sake dubawa. Yaya ta ce, "Kai, bar mini bangona ya huta."

Ni kuwa na samu tsohon keken Yaya mai ƙafa, na sa shi a baranda na fara karɓar ƙananan gyare-gyare. Guga da dutsen gawayi nake yi. Yaya ta ce ga nata na lantarki, me ya sa nake wahalar da kaina da hura gawayi. Na ce mata na gawayi ya fi kwantar da kaya. Duk sanda aka ambaci guga a gidan sai in tsinci kaina ina neman abin yi a kicin, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Kada a ce ban yi niyyar faɗa ba. Sau uku ina shirya maganar. Na farko na ce bari ya gama cin abinci, da ya gama na ce bari ya huta. Na biyu na buɗe baki na ce, "Baban Auta, waccan ranar," ya ce, "Ki daina tunawa, ni ne ya kamata in riƙa tunawa," sai na haɗiye. Na uku shi ne mafi muni. Ya dawo da yamma, ƙurar silin har a girarsa, ya zauna yana cire takalmi. Maimakon abin da na shirya, sai na ji ina yi masa faɗa.

"Wai kai ba za ka daina zubar mana da mutunci ba? Gida gida kana tallar laifinka kamar mai tallar albasa. Wa ya aike ka? Ba sai ka yi shiru ba, kowa ya ce ƙaddara ce?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ki yi haƙuri. Na san na ja miki, ke da yara." Haƙuri ya ba ni. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji, na yi kuka har na gaji, na wanke fuska na fito na ɗora ruwan shayi.

A hankali gida ya fara tashi. Bangon baya bai faɗi ba, magini ya ce za a iya ɗorawa a kai. 'Yan uwa suka haɗa kwanon rufi, kafintan layinmu ya ce katako kawai za a kawo, hannunsa kyauta ne. Baban Auta ya zama lebura a gidansa, yana ɗaukar bulo, yana kwaɓa siminti. Babbar 'yarmu, mai shekara goma sha shida, takan biya bayan makaranta ta ɗebo ruwa. Ranar da aka ɗora rufi Auta ta shiga kowane ɗaki tana kiran sunanta don ta ji amsa-kuwwa. Wata biyar ke nan da gobarar, kuma ranar ce na fara ganin yaran suna dariya da haƙoransu duka.

Da aka zo kan waya, na ɗauka ko ba komai wannan aikin nasa ne. Sai ya ce ya yi magana da Dogo. Dogo mai aikin wuta ne shi ma, a wancan ɓangaren kasuwa, kuma shekaru muna jin labarinsa a gidanmu, don rabin aikin Baban Auta gyara abin da Dogo ya ɓata ne. Yakan dawo yana girgiza kai ya ce mutumin nan da gaggawa aka haife shi.

Na ce, "Dogo? A gidanka?"

"Yarana za su kwana a ciki. Ban yarda da hannuna ba."

Ranar da suka fara na kai musu abincin rana. Na shiga ɗakin ɗinki, wanda har yanzu babu silin, na tarar da Dogo a saman tsani, tsanin mijina, shi kuma yana ƙasa ya riƙe masa ƙafafun tsanin yana miƙa masa waya. Dogo ya feƙe bakin wata waya da fulaya, har ya yanke rabin zaren tagullar da ke ciki, ya cusa a haka ya ɗaure. Ni da ba aikina ba na san ba daidai ba ne, don na sha jin faɗa a kai. Na ga Baban Auta ya gani. Sai ya mayar da idonsa ƙasa.

Dogo ya leƙo yana dariya ya ce, "Madam, ki kwantar da hankalinki, wannan karon babu haɗi a silin. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Ya ce, "Haka ne."

Na ajiye kwanukan a kan bulo. Na ce wa Dogo ya sauko ya ci abinci a waje, akwai inuwa. Da ya fita na tsaya a daidai inda teburin gugata yake a da.

"Baban Auta, ban zare ba."

"Me?"

"Dutsen guga. Ranar. Ban zare ba, a jone na bar shi na fita."

Sai ya yi murmushin nan nasa. "Na gode, Maman Auta. Amma kada ki ɗauki zunubin ƙarya saboda ni. Dogo zai gama jibi, shi ke nan."

"Ba ƙarya nake yi ba. Waccan ce ƙaryar."

Murmushin ya tafi. Ya saki tsanin, ya fara tambayata da muryar da yake tambayar masu gida idan an kira shi gyara.

"A wane soket?"

"Na bayan ƙofa."

"Ba sabon ba?"

"Ba shi ba. Keken ma ban kunna shi ba ranar, makunninsa a kashe yake."

"A tsaye kika bar dutsen ko a kwance?"

"A kwance. Kan bargo."

"Lamba nawa kika sa zafinsa?"

"Ƙarshe. Kakin makaranta nake gugewa."

"Na tone ɗakin nan da hannuna, ban ga ƙarfensa ba."

"Na riga ka. Na ba mai amalanke."

Ya zauna a kan buhun siminti. Ya dubi tafin hannunsa na dama, ya juya bayansa, ya sake juyowa. Na so ya yi ihu, ya zage ni, ko ya ce in tafi gidanmu, da na samu abin da zan riƙe. Bai yi ko ɗaya ba.

"Gida talatin da bakwai na shiga," ya ce. "A wasu gidajen yara ne suka buɗe mini ƙofa, a gabansu na faɗa. Akwai tsohon da ya ce in sauko masa daga silin kafin in ƙona shi."

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Gobarar ba komai ba ce, kowa na mantuwa. Wata biyar ɗin ne ban san inda zan ajiye su ba." Ya tashi ya fita wurin Dogo. Na ji yana yi masa godiya, yana ce masa ya huta haka, zai ƙarasa da kansa. Kafin la'asar ya zare duk wayar da aka sa tun safe, ya naɗe ta a gefe.

Kwana huɗu ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Amma aiki ya yi shi kamar da, abin gwaji sau ɗaya yake sawa ya wuce. Nakan tsaya daga bakin ƙofa in ji yana ɗan fito a cikin silin, in koma da baya don kada ya gan ni ya daina. A rana ta biyar na zaunar da yaran a gabansa na faɗa musu. Auta ta yi kuka ta rungume ni. Babbar ba ta yi kuka ba, ta dubi ubanta, ta dube ni, ta ce, "Har da ranar da kika yi masa faɗa, kin sani?" Na ce na sani. Ta tashi ta tafi wanke-wanke.

Na tambaye shi yaushe zai faɗa wa mutane. Ya ce ba zai faɗa ba. "Na je na ce ni ne. In koma in ce matata ce? Wane irin namiji ke nan?" Na ce to ni zan je. Ya ce ba ya hana ni, ba ya kuma aike na.

Da Yaya na fara, tana tsince shinkafa a tire. Na faɗa mata komai tiryan-tiryan. Ta ajiye tiren, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Na san abin da kike yi." Na ce, "Yaya, wallahi gaskiya nake faɗa." Ta ce, "Kul, kada ki yi rantsuwa a kan namiji, ko da ƙanena ne. Ya riga ya faɗi gaskiya da bakinsa, Allah ya yafe masa."

Na je wurin mai kemis, na jira masu sayen magani suka ragu. Ya saurare ni da kyau, har ya cire tabarau. Ya ce, "To ina dutsen?" Na ce na jefar. Ya ce, "To." Ya mayar da tabaransa, ya ce Injiniya ya yi dacen mata, irina ba su da yawa yanzu, in gaishe shi. Haka na bi gidajen, ban kai talatin da bakwai ba, a na goma sha huɗu na tsaya, don kafin in isa labarin ya riga ni. Ina yin sallama matar gida za ta tare ni da fara'a ta ce ai sun ji, sannu da ƙoƙari, in shigo in sha ruwa. Ƙaryar da na yi da kalma biyu kowa ya karɓa, gaskiyar da na yi ta yawo da ita a rana babu mai so ko kyauta. Ɗinki ma sai ya ƙaru mini, mata na kawo kaya don su ga matar da ake faɗa. Shi kuwa wayarsa takan yi ƙara sau ɗaya ko biyu a mako, yawanci baƙi ne da suka tare a unguwar kwanan nan.

Ranar da muka koma gida mata suka zo taya mu jera ɗan abin da muka tara. Falo na warin sabon fenti, babu kujeru tukuna, aka baje tabarmi. Baban Auta yana kan kujerar katako a tsakiyar falon yana ɗaura ƙwan fitila na ƙarshe. Babbar 'yarmu ta shigo da tiren kofuna tana rarraba ruwa. Yaya ta kamo hannunta ta tsayar da ita a gaban kowa.

"Ke, zo nan. Kin girma, gobe-jibi za ki yi naki gidan. Ki buɗe ido ki yi koyi da uwarki. Matar da ta bi gida gida a rana tana ɗora wa kanta laifin mijinta don ta rufa masa asiri. Kin ji ko?"

Hannun Baban Auta ya tsaya a kan ƙwan, sannan ya ci gaba da murɗawa. Yarinyar ta ce, "Na ji, Gwaggo." Ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki tiren ta fita, ba ta dubi inda nake ba.

Matan suka ɗauka gaba ɗaya, Allah ya ƙara mata haƙuri, Allah ya ba 'ya'yanmu irin halinta. Suka juyo suna jiran in amsa. Na sunkuyar da kai na ce amin.